Tsagar Bangon Goggo

Tsintsiya na hannun Goggo sa'ad da ta ji wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashin silifas ɗinta. Ta ɗaga ƙafa ta duba: ɗan ɓarin gilashi ne, bai fi farce ba. Ta san inda ya fito tun kafin ta ɗaga kai. A bangon ɗakin ɗinkinta, daidai tsayin kafaɗa, siririn gilashin da maƙwabcinta Farfesa ya manna a kan tsagar bango ya rabu biyu, rabi na manne a dama, rabi a hagu.

Ta jingine tsintsiyar, ta zauna a kujerar keken ɗinki.

"Shi ke nan," ta ce wa ɗakin. "Ka kore ni."

Tun bara tsagar ta soma, siririya kamar zare, daga kusurwar taga ta gangara ƙasa. Goggo ta rataya kalanda a kai ta ci gaba da harkarta. Kafin daminar bana ta kankama kalanda ta kasa rufe ta, har ƙaramin yatsa na shiga. Wani a cikin masu kawo ɗinki ya kai labari gaba, sai ga jami'in duba gine-gine da gwangwanin jan fenti a hannu, irin wanda ake sa wa ginin da za a rushe. Ba a jima ba ɗanta Auta ya iso, ya riga ya gama tsara komai a kansa: a rufe gidan, ta koma wurinsa, bene hawa na huɗu a can wani gefen gari, inda ba ta san kowa ba, inda kuma aka riga aka gaya mata maƙwabtan ƙasa ba za su lamunci ƙarar keke ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi a wannan ɗaki. Marigayi mijinta ne ya ɗora bulonsa da hannunsa a ranakun hutu, kuma a nan ta taka keke har 'ya'ya huɗu suka gama makaranta. A raba ta da ɗakin, a wurinta, daidai yake da a ce ta naɗe hannu ta jira mutuwa.

Farfesa ne ya tsaya tsakaninta da jan fenti.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa a jami'a: yadda ake tafiyar da aikin gini daga haƙa harsashi zuwa miƙa makulli, da yadda ake gina gidan da ba ya shan wuta, ba ya ɓarnar ruwa. A bayan idonsa 'yan layin Malam Ƙwanƙwasa suke ce masa, saboda bai taɓa shiga gidan mutum ya gama gaisuwa ba tare da ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kasa kunne ba. Gidansa na manne da na Goggo, katanga ɗaya ce tsakani. Tagoginsa na kallon juna, rufin ya zarce bango da faɗin taku guda, ko rana ta kai inda ta kai sai ka ji sanyi a ciki ba tare da fanka ba. Amma abin alfaharinsa shi ne tankin da ya gina a ƙarƙashin tsakar gida, wanda duk ruwan saman da ya sauka a rufin ke gangarawa ciki. Kowace shekara sai bas ta ajiye ɗalibai masu hular kwano rawaya, su yi layi suna leƙa tankin nan suna rubutu, kai ka ce gwal aka binne.

Ranar da jami'in ya zo, Farfesa ya riga ya kwana biyu da ciwon zuciya, ƙafafunsa a kumbure. Duk da haka ya dogara sanda ya shigo, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce, "Ɗana, ajiye fentin nan tukuna. Tsaga iri biyu ce, akwai matacciya, akwai mai rai. Matacciya ta gama tafiyarta, a cike ta da siminti an gama. Mai rai kuwa tana ci gaba da buɗewa. Ba a sani da ido, sai an tambayi bangon."

Ya zaro siririn gilashi daga aljihu, ya manna shi ya ƙetare tsagar, ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya ce in damina ta fita gilashi na nan lafiya, to tsagar ta mutu, Goggo ta zauna a ɗakinta. In ya fashe, ta fita a ranar. Ya rubuta haka a takarda ya sa hannu, jami'in ya karɓa saboda girman sunansa, Auta ya yarda da ƙyar. Tun daga ranar, kullum ƙarfe goma na safe Farfesa zai zo ya duba gilashinsa.

Yau ga gilashi ya fashe. Sai dai yau Talata ce, ranar da matarsa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke ce wa Sista, ke kai shi asibiti tun da sassafe.

Goggo ta miƙe ta ɗauki reza ta kankare ɓarin biyu daga bango, ta ƙulle su a ƙyalle, ta yafa mayafi ta nufi shagon mai yankan gilashi a bakin titi.

"Irin wannan nake so, tsawo da faɗi, kada ya ɗara."

Mutumin ya haɗa ɓarin a tafin hannu yana juyawa. "Goggo, wannan ɗan mitsitsin me za ki yi da shi? Taga za ki yi wa ɓera?"

"Kai dai yanka. Da na kawo maka ɗinki na tambaye ka inda za ka sa rigar?"

Ta dawo da gilashi da ɗan gam, ta rufe ƙofa. Ta goge wurin tas, ta ɗauko tef ɗin awo da alli ta ja layi, ta manna shi a kan layin, ta bi gefe-gefe da tsinken ashana ta kwashe gam ɗin da ya tsattsafo. Da ta ja baya ta duba, har ta ji daɗin aikin. Sannan kunya ta sauko mata, ta wuni tana taka keke ba tare da ta sake kallon bangon ba.

Washegari ƙarfe goma ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa. Taku ashirin da bakwai ne daga ƙofarsa zuwa tata, shi da kansa ya ƙirga. A da ba ya cika minti guda, yanzu kuwa sai ya tsaya ya huta sau biyu, Sista na riƙe da hannunsa.

"Maƙwabciya, an tashi lafiya? Yaya marar lafiyarmu?" Bangon yake nufi.

"Da sauƙi, Farfesa. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya ce a gaishe ki."

Ya tsaya gaban gilashin yana mayar da numfashi. Ya daɗe yana kallo, fiye da kullum. Goggo ta duƙufa tana neman wani abu a durowar keke, ita kanta ba ta san mene ne ba.

"Sista," ya ce, "na bar tabarau a kan tebur. Taimaka mini."

"Ga shi nan a aljihunka."

"Ba wannan ba, ɗayan."

Sista ta dube shi, ta dubi Goggo, ta fita. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace ya jawo kujerar masu kawo ɗinki ya zauna.

"Maƙwabciya, ashe hannuna ya warke ban sani ba."

"Kamar yaya?"

"Ranar da na manna gilashin nan hannuna rawa yake. Ya tafi a karkace, gam ya dalalo har nan. Kullum na zo sai ya ba ni kunya. Yau kuma ga shi a miƙe samɓal, gefensa tsaf kamar kalmasar riga." Ya juyo ya dube ta. "Wannan aikin tela ne."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nata ko kwana biyu bai yi ba. Da ta manna shi a karkace da ta sha, to amma hannun da ya yi shekara talatin yana bin layi bai san yadda ake karkata ba. Ta rufe fuska da gefen mayafi, hawaye suka zubo.

"Ban san inda zan sa kaina ba, Farfesa. Can sama zai kai ni ya ajiye, in wuni ina kallon rufin mutane." Ta ja hanci. "Kuma Sista ta ce mini zuwa duba gilashin nan ne kaɗai ke tayar da kai daga gado."

"Wannan na biyun ƙari ne."

"Ƙari ne," ta amsa, don ba ta ga amfanin ɗora wata ƙaryar a kan ta farko ba.

Bai yi dariya ba. "Kin san abin da ya ɓata mini rai? Jiya a nan kika wuni, ƙarƙashin bangon nan, kina taka keke. Da ya sauko kanki me zan ce wa Auta? Ni ne na sa hannu na ce ki zauna." Ya yi tari mai tsawo, ya jira ya lafa. "To, an yi an gama. Yanzu ki ba ni aron idonki. Da kika gan shi a fashe, bakin biyu sun yi daidai, ko ɗaya ya sauka?"

Wannan ba ta buƙaci tunani ba. "Na dama ya sauka. Kamar kaurin tsinken ashana."

"Na dama." Ya ɗaga sanda ya nuna. Ɓangaren dama shi ne wanda ke bin katangar gidansa. "Yaushe kike jin ya fashe?"

"Litinin da rana lafiyarsa ƙalau, kai ma ka gani. Da yamma aka yi ruwan nan mai ƙarfi."

Farfesa ya kafa wa katangar ido. Goggo ta ga fuskarsa ta canza, ta tsorata ko ciwon ne ya motsa. Sista ta dawo hannu wayam, ta ce babu wani tabarau a kan tebur, kuma ba a taɓa yin na biyu a gidan ba.

"Maƙwabciya," ya ce, "ɗauko tef ɗinki da alli. Mu je gidana."

Su biyun, Goggo da Sista, suka ciccibi murfin tankin suka kawar. Ya sa aka zura doguwar gora har ta taɓa ƙasa, aka zaro, Goggo ta yi alama da alli a inda jiƙon ya tsaya. Ya ce kada wanda ya ɗebi ko kofi ɗaya daga tankin sai gobe war haka. Ya kuma ce kada Goggo ta sake shiga ɗakin ɗinki, ya sa masu gyaran babur na ƙofar gida suka ɗauko keken suka ajiye a barandarsa.

Ba a yi ruwa ba ranar. Washegari ƙarfe goma suka sake zura gorar. Goggo ta ɗora tef tsakanin tsohuwar alama da sabon jiƙo, ta karanta, ta sake karantawa.

"Faɗi mana," ya ce daga kujerarsa.

"Inci huɗu."

"Inci huɗu a kwana guda, ba wanda ya ɗeba." Ya jingina kai da bango ya lumshe ido. "Shekara ashirin ina kawo yara su ga tankin nan. Na rubuta takardu a kansa, na hau jirgi na je na yi bayaninsa a gaban manyan masana, suna tafa mini. Kowane gida a layin nan na ƙwanƙwasa bangonsa. Nawa tankin kuwa ban zura masa gora ba tun shekara shida."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Sista.

Ya buɗe ido ya nemi Goggo. "Ki yafe ni, maƙwabciya. Laifina ne. Tankina ke yoyo, ruwana ne yake bi ta ƙarƙashin katanga yana cin ƙasan ɗakinki. Mijinki bai yi kuskure ba, gininsa mai kyau ne."

Sista ta riƙe haɓa. "Goggo, ki zama shaida. Shekara arba'in da biyu ina auren mutumin nan, ban taɓa jin ya ce laifina ne ba. Yau bango ya sa shi."

Goggo da ta kwana tana jin kanta mai laifi, ga dattijo yana roƙonta gafara. Kuma maganar da ya yi a kan ginin mijinta ta shiga wani wuri a zuciyarta da ba ta san yana ciwo ba, don tun bara take zargin marigayin a ɓoye, tana cewa shi direba ne, ya ɗauki aikin da ba nasa ba.

"Farfesa, ba sai kowa ya ji ba," ta ce. "A toshe shi shiru, ka ce wa jami'in wani abu daban. Sunanka fa."

"Wato ni ma in manna nawa gilashin a miƙe?" Sai a lokacin ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "A'a. Sista, takarda da biro."

Hannunsa bai iya rubutu mai tsawo ba, don haka ya faɗa, Sista ta rubuta. Layin farko na wasiƙar cewa ya yi tsagar mai rai ce, kuma musabbabinta tankin da shi da kansa ya tsara ya gina. Sannan ya jera yadda za a ceto ɗakin ba tare da an rushe shi ba, ya ce aikin duka a wuyansa yake. Ya sa hannu a karkace. Ya kira wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu take da kamfanin gini nata na kanta, kowa Injiniya yake ce mata. Kafin azahar ta iso da takalmin aiki duk laka, ta durƙusa ta gaishe shi kamar 'yar aji ɗaya.

"In an kwashe ruwan," ya ce mata, "ki gaya wa sashenmu su kawo yara su ga inda ya tsage. Sun ga yadda ake ginawa, su zo su ga abin da ke faruwa in mai gini ya yarda da kansa fiye da kima."

Auta ya zo da zafinsa, yana cewa daman ya faɗa, daman ya faɗa. Farfesa ya bar shi ya gama, ya miƙa masa wasiƙar. Da ya karanta sai jikinsa ya yi sanyi. Jami'in kuma ya karanta sau biyu, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa ba. Ya ba su mako shida. In aiki ya yi kyau Goggo ta koma ɗakinta, in bai yi ba jan fenti na nan.

Kwana biyu Farfesa ya yi yana tsara jadawalin aikin, shafi uku, da Hausa, wai don mai ɗakin ta san abin da ake yi mata. Aka manna shafin farko a ƙofar baranda, sauran Injiniya ta tafi da su. Aka zuƙe tankin, aka tokare bangon da katako ciki da waje. Sannan aka fara haƙa ƙarƙashin harsashi, rami mai faɗin taku ɗaya, a tsallake taku biyu, a sake wani. A zuba kankare, a jira ya yi ƙarfi, sannan a dawo wa inda aka tsallake. Maginan sun so su haƙe duka lokaci guda su huta, sai su ji murya daga baranda.

"Kai mai jar riga! In ka cire wa mutum ƙafa biyu a tare, a kan me zai tsaya?"

A barandar nan Goggo ta ci gaba da ɗinkinta, shi kuma yana kishingiɗe a doguwar kujera kusa da ita, bargo a ƙafa. Ta ce za ta riƙa dakatawa in zai yi barci, ya ce kada ta kuskura, shekara talatin yana jin keken nan ta bayan katanga yana duba takardun jarrabawa, ba yanzu zai fara damunsa ba. Wata rana tana jiran ƙarfen guga ya yi zafi ta tsaya karanta shafin da ke ƙofa. Kowane aiki da ranarsa, da mai yi, da mai dubawa. A makon farko an rubuta Farfesa a gurbin mai dubawa. Daga mako na biyu har ƙasan shafi, Injiniya.

"Farfesa, me ya sa ka cire kanka daga nan?"

"Mai tsara aiki ba ya ɗora kaya a kan abin da bai tabbatar zai iso ba," ya ce ido a rufe. "Yi gugarki."

Ta yi gugar, amma sai da ta ƙona gefen wata riga.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, bayan azahar, ya farka ya tambaya, "An shayar da kankaren?"

"An shayar," in ji Goggo.

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

"A ƙara da yamma. Sabon kankare in ya ji ƙishi a kwanakin farko, ba ya sake yin ƙarfi."

"Za a ƙara."

Ya gyaɗa kai ya koma barci. Goggo ta ci gaba da taka keke, tana haɗa hannun wata rigar makaranta. Ta gama ɗaya, ta juya ta kama ɗayan. Sista ta fito daga ɗaki da kofin magani, ta duƙa a kansa, ta daɗe a duƙe. Sannan ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta zo ta dafa kafaɗar Goggo. Ƙafar Goggo ta tsaya a kan matakin keke. Ta can bayan katanga ana jin ƙarar shebur, ta yi ta yi, har wani ya leƙo ya ga fuskokinsu, sannan ita ma ta tsaya.

Maginan duka suka wanke hannu suka bi gawar. Gida ya cika da mata, ana ta salati da kuka. Da rana ta yi sanyi Goggo ta zame ta fita, ta ɗauki bokiti ta tara a famfo, ta zaga bayan ɗakinta. Ramuka uku ne, an rufe kankaren da buhuna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwarara ruwa har buhunan suka jiƙe sharkaf, tana yi tana kuka, tana yi masa addu'a da babbar murya tunda ba mai jin ta.

Kwana da kwanaki masu gaisuwa na zuwa. Wasu da furfura, wasu da manyan motoci, duk ɗalibansa ne. Goggo ta lura da wani abu da ya sa ta murmushi a tsakiyar baƙin ciki: da yawansu in sun shigo, suna cikin yi wa Sista ta'aziyya, sai ka ga hannu ya tafi bango ya ƙwanƙwasa, mai hannun bai ma sani ba.

Aiki bai tsaya ba. Injiniya na zuwa kullum da safe, ta bi jadawalin layi-layi tana sa alama. Aka cike ramukan duka, aka ɗinke tsagar da guntayen rodi, aka shafe. Aka zo da ɗalibai suka shiga busasshen tankin da tocila suka ga inda ya tsage, sannan aka gyara shi. Ranar da mako shida ya cika jami'in ya zo hannu wayam. Ya zaga ciki da waje, ya karanta takardun Injiniya, ya buga hatimi.

"Goggo, ɗakinki naki ne," ya ce. "Allah ya jiƙan maƙwabcinki."

Ta amsa da amin. Ta so ta yi godiya, amma wanda ya fi cancanta ba ya nan, sai ta yi ta yi wa duk wanda ke tsaye a wurin, har da direban jami'in.

"Ba mu gama ba tukuna," in ji Injiniya. Ta buɗe shafi na uku, wanda Goggo ba ta taɓa gani ba. "Saura layi biyu, kuma ba nawa ba ne."

Goggo ta karɓa ta nisanta takardar daga ido. Sauran shafin rubutun Sista ne, amma waɗannan layuka biyu shi ya rubuta da kansa, haruffan na hawa suna sauka. Na farko ya ce a sa sabon gilashi a kan ɗinkin bango, a duba shi har shekara guda, mai yi Goggo, mai dubawa Goggo. Na biyu ya ce a mayar da keke ɗakinsa, mai yi Auta.

Auta ya karanta ta saman kafaɗarta. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya nufi barandar Farfesa. Shi da wani magini suka ciccibo keken, suka shigo da shi, Goggo na gaba tana cewa a matsa hagu, a ƙara kaɗan, har ƙafafunsa huɗu suka sauka a kan tsofaffin gurabensu a siminti. Ta ɗauki alli ta sa alama a layin ƙarshe.

Bayan kowa ya watse Sista ta shigo da rigar matashin kai da ta farke, ta zauna a kujerar masu kawo ɗinki. Barandar ta yi mata shiru da yawa, in ji ta. Goggo ta lashi bakin zare ta kai wa allura, ta kasa, ta sake ta kasa, don idonta ya cika da ruwa.

"Kawo nan," in ji Sista. "Allura dai aikina ce."

Ta zura mata zaren. Hadari ya taso, ɗakin ya ɗan yi duhu, ruwa ya fara sauka a kan rufi da ƙarfi. Goggo ta shimfiɗa ƙyallen ƙarƙashin allura ta ɗora ƙafa a kan mataki, Sista ta riƙe mata ɗaya gefen don kada ya ja ƙasa.